Gara Ta Yi Tsada

Jika biyu gare ni, da dala goma
da na tsinta a aljihun tsohon wando.
A shagon Kanta, bayan babbar kasuwa,
Zakin Wuta na kwance cikin gilashi,
gefensa na walƙiya kamar sabon kwano.
Jika talatin, in ji Kanta, ba ragi.
Na dubi Zaki, Zaki ya dube ni,
na ce a nuna min kwalin ƙasa.

Kwalin sabulu ne, ƙarƙashin tebur,
makwancin katin da ba mai so,
uku dala biyar, zaɓi da hannunka.
Na tsuguna tun azahar
har ƙafata ta manta da ni.
Nan na iske Gara.
Ƙarfinta ɗaya. Wani ma ya taɓa shan shayi a kanta.
Amma an rubuta a ƙasa, da ƙananan baƙi:
duk zagaye tana cin bulo ɗaya a katangar abokin karo.
Na ɗauki huɗu, iyakar abin da doka ta yarda.

Arba'in ake nema, ina da goma sha tara.
Shaho ne kaɗai mai ƙyalli a hannuna,
na kai wa wani yaro a Ɗan Gulbi,
ya ba ni Suri uku da Ruwan Farko biyu,
yana dariya, wai ya ci wawa.
Sauran na tara su kamar kuɗin adashi,
ɗaya ranar Litinin, biyu ranar Juma'a.
Riga kuwa, ba ni da ta kanti:
ledar shadda na yanka a shagon maigidana,
na bi ta da keke bayan an tashi,
kowane kati da tasa, ɗinkin tela.

Barira ce ta gyara ni.
Dare goma sha ɗaya, wuta ta tafi,
muna kan tabarma da fitilar waya,
tana ci na tana ɓare gujiya.
Ta ce, Yaya, Ɗawisun nan me yake yi maka?
Na ce kyau gare shi.
Ta ce, to ka rataye shi a bango.
Na cire shi kamar mai cire haƙori,
na sa Rijiya, mai jawo kati biyu.

Lahadi, ƙarƙashin bedi, mu goma sha shida.
Zabeiru ya zo da akwati mai zip,
katunansa daga Kano, ƙamshin sabo bai bar su ba.
Ya ga ɗinkina, ya ce araha ba ta ado.
Na ce ba biki na zo ba.

Zagaye na biyar ya saki Zaki,
yara suka yi ihu har mai shayi ya leƙo.
Ni dai Gara, Gara, Suri.
Zaki ya kashe ɗaya, biyu suka fito.
Na bakwai na aje Ruwan Farko,
garata duka suka zama shinge, suka tashi.
Zabeiru ya juya ya dubi katangarsa,
babu komai sai wurin da ta taɓa tsayawa.

Ban ci gasar ba, kar in yi ƙarya.
Wata ɗiya daga Tibiri ta kwashe ni a ƙarshe
da Kaji huɗu, su ma na kwalin ƙasa.
Barira ta yi dariya har ta ƙware.

Washegari na biya ta wurin Kanta.
Ga Gara cikin gilashi, kusa da Zaki,
an goge mata fuska, jika ɗaya da rabi.
Na ce, Kanta, ka ji tsoron Allah.
Ya ce, kai ka jawo.

Dala talatin suka rage min.
Na naɗe ƙafar wando, na tsuguna.
Can ƙasan kwali akwai wani Muzuru
da kunne ɗaya a yage,
ba wanda ya karanta abin da aka rubuta a ƙasansa.