Zaren da Ke Riƙe da Kumbo

A bangon wani shago a Jekadafari na gan shi,
tsakanin tallan maganin basir da hoton ɗan takara:
koren mutumin nan mai kai kamar kabewa.
Ya dawo.
Shekara talatin da tara, ko furfura ɗaya bai yi ba.
Ni ko ga ni da ledar magani a hannu,
gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure.

Ba mu taɓa iya faɗin sunan fim ɗin ba.
"Kan Kabewa" muke ce masa, ni da Bappayo,
zamanin da muke tsintar kwalabe a tashar Dukku
har su cika sule biyar na bencin gaba,
inda kake ɗaga kai sai wuya ya sage.
Sinimar ba ta da rufi.
Taurarin Allah a sama, na kwali a bango,
jemage ya ratsa hasken majigi
inuwarsa ta faɗa a kumatun sarauniya.

Kai, wannan sarauniya!
Riga kamar an fasa madubi an ɗinke,
gashi ruwan hoda, gira har kunne,
tana mulkin duniyar da samanta launin zoɓo ne.
Sojojinta gwangwanayen madara masu tafiya,
bindigarsu ba ta kisa,
sai fesa shuɗi da ja, tana kukan ɗan tsako.
Kumbon kuwa murfin tukunyar gidan suna ne aka kifa,
aka kunna masa wuta a gindi.

Daren Asabar na kai jikata Dudu.
Ɗaki ne yanzu, a rufe, sanyi kamar cikin randa,
kujera mai laushi har ka ji kunyar zama.
Kuɗin gugguru ya fi na wandon da na yi aure da shi.
Ba mai rake, ba mai fito.
Kowa tsit, sai ka ce zaman makoki.

Wai sun wanke fim ɗin, sun goge shi tas.
Abin da tsohon majigi ya rufa wa asiri
yau ga shi a fili:
ɗinki a bayan dodo,
fenti na bin gumi a wuyan Kan Kabewa.
Dudu ta zungure ni:
"Kaka, zare! Wallahi zare ne ke riƙe da jirgin!"
Dariya take har gugguru na zuba.

Mun gan shi, 'yar nan.
Tun daren farko Bappayo ya nuna min da leɓe.
Shiru muka yi.
Wanda ya kai ka duniyar wata a kan sule biyar,
ba ka tsayawa duba masa taya.

Sai ga wurin ya zo.
Jarumi ya duƙa yana ɗaure takalminsa na azurfa,
dodo na lallaɓowa ta baya da hannun roba.
Nan ne Bappayo ke ɗarewa kan benci, kullum, sau tara,
kamar bai san yadda za ta ƙare ba.
Bara waccan muka kai shi makwanci.

Ban san na miƙe ba.
Muryata kawai na ji ta tsaga sanyin:
"Waiwaya, ɗan marayan zaki! Bayanka!"
Dudu ta ɓoye fuska a mayafi.
Mai tocila ya nufo ni.

Sai daga can layin baya
wata tsohuwar murya mai tari ta amsa,
wata kuma daga hagu, ta mace:
"Bayanka!"

Ya ko waiwaya.
Kullum sai an faɗa masa yake waiwayawa.