Rabin Maki

Shida da rabi.
Bakwai suke so.
Na goge fuskar wayar da gefen farar rigata,
ko idona ne ya gaji.
Shida da rabi dai, ta ƙi motsi.

Shekara tara ina aikin dare a Lamingo.
Na taɓa samun jijiyar jariri ɗan kwana uku
da hasken wayar Nanret,
ran da janareta ya yi tari sau biyu ya mutu.
Na san numfashin da zai kai asuba,
na san wanda ba zai kai ba.
Amma wani da bai taɓa ganin hannuna ba
ya duba Turancin da na rubuta
ya ce saura ƙiris.

Ƙiris ɗin nan ya ci adashina na bara.
Karo na biyu ya ci 'yan kunnen da Goggo ta bar mini.
Na uku, Haladu ƙanena ya jingine kekensa,
ya ce, "Yaya, in kin haye ki miƙo igiya."
Yanzu ko a Taminus muka haɗu
sai in tsaya taya tumatir da ba zan saya ba.

Abuja kuwa, sau huɗu.
Motar asuba, fayil a ƙirji,
ina gangara Hawan Kibo da addu'a biyu,
ɗaya don birki, ɗaya don hatimi.
Mai sa hannu ya je taro.
Na'ura ba ta hawa yau.
Ki dawo Talata.
Ranar Talata aka gano
a fasfo ni Hansatu ce, a takardar makaranta Hansetu.
Sai da na je kotu na biya kuɗi
na rantse cewa ni ce ni.

Ashe takardu ma mutuwa suke.
Kafin shaidar makaranta ta isa can,
ta 'yan sanda ta cika.
Na sabunta ta, hoton ƙirji ya fara shure-shure.
Ina zagaya su kamar gadajen ɗakin nan,
in ɗaura wa wannan ruwa, wancan ya zube.
Dala kuma tana hawa
irin na zazzaɓin yamma,
ba ta jin kowane magani.

Nanret ta riga ni hayewa.
Jiya ta turo murya, ƙarfe ukun dare.
Ta ce sanyin Jos wasan yara ne.
Ta ce tana wanke tsofaffi a wani gida,
ba ta da izinin taɓa allura tukuna.
Ta faɗi gwajin aiki
don ta wanke hannu ba ta faɗa da baki ba
cewa ga shi tana wankewa.
Nanret, da ta koya mini ɗinki!
Za ta sake biya, da fam.
Ta yi dariya a ƙarshen saƙon,
irin wadda muke yi wa dangin majinyaci
kafin likita ya fito.

Albashina na shiga ranar ashirin da takwas,
ranar biyu ga wata sai labari.
Shi ya sa. Kar a tambaye ni kishin ƙasa,
na ba ta bayana, ga shi yana ciwo.

Gado na shida yana kira.
Baba Gyang ne, mai ciwon suga.
Ya ga littafin da ke leƙowa daga aljihuna,
ya ce, "Nas, ke ma tafiya za ki yi?
To wa zai riƙa nemo jijiyata?"

Na ɗaure masa dantse.
Na ce, "Dunƙule hannu, Baba."
Na shiga sau ɗaya, ban kuskure ba.
Ba wanda ya ba ni maki.

Akwai wani zama watan gobe.
Ban gaya wa Haladu ba.