Kujera Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar Laraba na sayi tikitin,
jaka biyar, ladan ɗinkin riguna uku,
kujera a inuwa, daura da makaɗa,
don ranar ɗaga takobi a filin kokawa.
Ba takarda ba ce da za a ninke a aljihu,
wani ɗan zane ne a cikin waya,
baƙi da fari kamar bayan zabuwa.

Alhamis da dare kawu ya kira daga Mirriya:
Asabar za a raba gonar gado,
wanda bai zo ba kada ya yi kuka da kowa.
Na zauna bakin keken ɗinki, na ciji yatsa,
na tuna Nomau mai facin taya a Garin Malam,
wanda bai taɓa kallon kokawa ba
sai ta kan katanga, ko kafaɗar wani.
Na danna sunansa. Zabuwa ta tashi.
Ya kira ni har sau uku yana sa albarka,
ana jin injin iska na huci a bayansa.

Juma'a bayan masallaci kawu ya sake kira:
mai gari ya yi tafiya, an ɗaga rabon sai wata mai zuwa.

To fa.

Na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole,
rumfar Zuwaira, inda na biya kuɗin.
Ta karɓi wayata, ta goge da gefen mayafi,
ta ce, "Da bai amsa ba, da sai mu soke,
ya dawo maka tun ba ka sha ruwa ba.
Amma ya amsa tun jiya, ƙarfe tara da minti shida.
Yanzu ba ni, ba kamfani.
Babban yatsansa kaɗai zai mayar maka."

Daga Dole zuwa Garin Malam ba nisa,
amma a ƙafa na tafi, don hanya ta yi tsawo.
Ina tafe ina auna magana kamar yadi,
in yanka nan, in ƙara can,
ko wace na ɗinka sai ta ƙi zama a jiki.
Yaya ake lashe amai cikin ladabi?

Na tarar ya shanya farar riga a kan igiya,
ya sa mata bula, ruwan jarka guda ya tafi,
a garin da ake bin layin famfo tun asuba.
Muka gaisa. Na tambayi aiki, na tambayi gida,
na sake tambayar aiki.
Ya dube ni, ya dubi ƙurar ƙafata.
"An fasa tafiyar ke nan," in ji shi.
Ya share baƙin mai a wandonsa,
ya ciro waya mai tsagaggen gilashi,
ya danna. Aljihuna ya yi ƙara.
"Dama rigar tana son wanki," in ji shi,
ya koma kan tayar da ke cikin ruwa
yana neman inda take fitar da kumfa.

Asabar na zauna a arba'in da bakwai.
Inuwa ta zo kamar yadda aka yi alkawari.
Ganga ta ɗauka, ƴan kokawa suka fito da layu,
aka yi kirari, aka watsa yashi sama.
Kujerar ƙarfe ce, ba ta da laifi,
ni ne na kasa samun gefen zama.

Da aka zo karon ƙarshe na kira shi,
na ɗaga waya sama da kaina
don ya ji filin da kunnensa.
Aka yi kaye, ƙasa ta girgiza.
Ban ga wanda ya faɗi ba,
hannuna ya tare mini.
Daga can Nomau yana ihu, "Wa ya kayar? Wa ya kayar?"
Na juya ina tambayar na kusa da ni.