Ƙarƙashin Harshe

A Kurmuk iyaka ba katanga ba ce,
rafi ne mai ƙafewa da rani.
Awaki su tsallaka, jakai su tsallaka,
ba mai tambayarsu takarda.

Ni aikina duban dabba.
Kakannina sun taso daga Haɗeja da niyyar Hajji,
guzuri ya ƙare musu a bakin kogi,
suka shuka dawa, suka zauna.
Shekara goma sha ɗaya hannuna na cikin bakin tumaki,
bai taɓa shiga bakin alade ba
sai Talatar da Marta ta zo.

Ta tsaya daga ƙofa, ba ta shigo ba.
Ta ce, likita, na san abin da kuke ƙyama,
amma jibi dillali zai zo daga ƙetaren rafi,
kuma babbar ta ƙi cin dusa.

Su biyar ne a bayan ɗakinta,
cikin shingen gora da gara ta cinye wa gindi.
Ɗaya kuɗin makarantar Luka,
ɗaya kwanon rufi kafin damina,
sauran ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Na sa safar hannu biyu, wata kan wata.
Maza uku suka danne, aka gitta sanda a baki,
kukan ya kai har wurin masu gawayi.
Na jawo harshen da tsumma, na juya,
ga su nan kamar jiƙaƙƙiyar shinkafa
da aka cusa ƙarƙashin fata.

Na san hanyar wannan tsutsa kamar hanyar gidanmu.
Daga naman da bai ji wuta ba ta shiga hanjin mutum,
mutum ya kai ƙwanta gindin tsamiya da asuba,
ruwan sama ya kwashe, ya gangara
har rijiyar da matata ke jan guga,
ita da Marta, igiya ɗaya.

Sai na tuna Jibo, ɗan yayata,
wanda bai taɓa ganin wannan nama a kwano ba,
yadda yake faɗuwa cikin riɗi yana kumfa.
Aka ba shi rubutu, aka yi masa turare,
aka ce iskokin kukar bakin hanya ne.
Ban sani ba. Na'urar duba kai tana nesa da mu.

Marta ta dubi harshen, ta dube ni.
Ta ce, in ciniki na dare ne, dillali ba ya buɗe baki.
A hankali ta faɗa,
kamar mai gwada zurfin ruwa da ƙafa.
Na ce, can ƙetare ma suna da rijiya.
Ta ce, na sani, can ƙanwata ke aure.

Ta dafa jabana da citta, ta wanke finjali sau uku don na gani.
Na sha.

Maganin yana Damazin, motar ta kafe a laka.
Na rubuta takarda ta huɗu.
Dillali ya zo, ya ɗauki biyu masu lafiya a rabin kuɗi,
ya ce labarin harshe ya riga shi isowa.
Babbar tana nan ɗaure. Rufin bana ciyawa ne.

Ranar Asabar na ari diga,
ni da Luka muka fara haƙa masai bayan tsamiya.
Ƙasar tauri ce, gaba ɗaya muka yi, magariba ta kama mu.

Da dare ina tsaye kan tukunya, ina jiran ruwan sha ya tafasa,
na ji kuka daga wajen rafi, an toshe shi da buhu.
Ba daga gidan Marta ba.
Wani ne, fitilarsa a kashe,
yake tsallakawa.