Mabuɗin Marsandin Baba

Ranar Laraba na neme shi na rasa.
Na zazzage aljihu, na ɗaga katifa,
na kwance ƙullin tsummokaran Inno,
har randar da aka daina zuba wa ruwa na leƙa.
Ɗan ƙarfe ne, bai kai yatsa ba,
da igiyar jar fata a wuyansa,
amma da ya ɓata sai barci ya bi shi.

Ita kuwa tana nan gindin dogon yaro,
Marsandin Baba mai rufin tamfol,
wanda ake naɗewa baya kamar hannun riga.
Launin madara. Ta girme ni da shekara tara.
Kuɗin fatun awaki suka saye ta
hannun wani Kwara da zai koma gida.
Ranar Juma'a Baba kan buɗe mata kai,
mu bi ta Gawon Nama, iska na marin kunne,
shi da hularsa a cinya don kada ta tashi.

Na je Sahara wurin masu kayan mota,
wani yaro ya ce, tana da rimot?
A Buzaye bakanike ya ce a fasa,
a haɗa waya biyu, yanzu ta tashi.
Na ce a'a.
Ba a shiga ɗakin uba ta taga.

Mai shayi ne ya ce, nemi Modi Jabbi
bayan Tsohuwar Kasuwa, in yana da rai.

Yana da rai.
Rumfar kwano, tabarau ɗaure da zare,
mabuɗai jere a waya kamar kifin banda.
Na miƙa masa kan makullin ƙofar cikin hankici.
Ya juya shi, ya hura, ya daɗe bai ce komai ba.
"Wagga motar Haliru mai hwatu ta.
Kai ɗanai na?"
Na ce ni ne. Na ce shekara uku ke nan da rasuwarsa.
Ya ajiye, ya shafa addu'a, ya sake ɗauka.

"Wanda kaɓ ɓatar, ni niy yanka shi.
Na asali yana cikin gulbi, Kwalkwalawa.
Ubanka yad duƙa alwala, yaz zame daga aljihu.
Da ƙahwa yat taho nan, wando jiƙe,
yar roƙe ni kada kowa shi jiya."

Baba!
Baban da ya yi mini faɗan kwana uku
a kan biro ɗaya.
Na yi dariya har ta juye ta zama wani abu,
Modi ya yi kamar yana neman magagari.

Ya ɗauko ɗanyen ƙarfe marar haƙori,
ya shafa masa baƙin fitila,
ya zura, ya murɗa, ya zaro,
ya karanta tabon da ido ɗaya.
Ya goga. Ya zura. Ya goga.
Aka kira azahar, aka kira la'asar,
garin tagulla na zuba kan yatsun ƙafarsa.
Can sai ƙaras, makulli ya amsa.

Biyu ya yanka, ban ce masa ba.
"Kana da ɗiya?" Na ce namiji guda.
"To bar ɗaya nan.
Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe."
Ya rataye shi a ƙusa, can sama.

Da magariba na kori kazar da ta yi ƙwai a kujera,
na aro batir wurin maƙwabci.
Ta yi tari sau uku, ta tofar da hayaƙi,
sannan ta kama, da tsohuwar muryar nan tata.
Inno ta fito da carbi a hannu, ba takalmi,
ta tsaya bakin zaure tana kallon mazaunin direba.

Tamfol ya ƙi naɗuwa sai rabi.
Na bar shi haka.
Na cire hula na ɗora a cinya.