Kafin Ƙarfe Bakwai

Barira tana aikin dare a asibitin haihuwa,
sai rana ta ɗaga take shigowa, ido kamar an watsa barkono.
Don haka safiya tawa ce:
ni, da yara biyu, da babur mai tarin tsufa,
da agogon bango wanda ba ya jin magiya.

Da can a bakin kwalta nake tsayawa, nan Mokoyo,
in miƙa dala ashirin, a naɗe mana fanke a takardar siminti,
mai ya jiƙa ta har kana hango yatsanka ta baya.
Nafi'u ya haɗiye nasa kafin mu kai shataletale,
Sahura ta lashe sukarin, ta miƙo mini gawar.
Ƙarfe goma, in ji malaminsu,
kan yaron yana bisa tebur, barci ya cinye lissafi.

Ni ma wata Talata aka ɗaura mini abin awo a dantse,
ya matse, ya yi ajiyar zuciya, ya saki.
Likita ya leƙo ni ta saman tabarau:
"Malam Tsahiru, da me kake karyawa?"
Na ce shayi. Sukari cokali huɗu. In raina ya ɓaci, biyar.
Bai tanka ba.
Shirun nan ya fi allura shiga jiki.

Ranar Juma'a na kai kukana Tibiri.
Inna tana ɓarar gyaɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba:
"Kai da ka girma kan kunu, yau kai ke tambayar hanya?
Safiya ai da dare ake ɗora ta."
Ta ƙulle mini garin gero a bakin tsohon zane,
da tsamiya, da ƙuliƙuli mai taurin kai irin nata.

Yanzu bayan isha'i nake fara gobe.
In jiƙa tsamiya a kwano, in rufe.
Ƙwai uku su yi ta rawa a tukunya ina duba tayar babur.
Zogalen bayan ɗaki, wanda da akuya kaɗai ta san darajarsa,
in tafasa, in matse, in ajiye inda sanyi yake.
Ƙuliƙuli a turmi, a hankali,
kada maƙwabci ya ce an buɗe injin niƙa a unguwa.

Kunun farko, Allah Ya jiƙan rai.
Sahura ta juya cokali, ta ce, "Baba, akwai duwatsu."
Na ce gudaji ne, na manya ne, ba kowa ake ba.
Ta tsame su ɗaya ɗaya, ta jera mini a gefen faranti.
Kwana tara kafin hannuna ya gane
ana damawa da ruwan sanyi tukuna, sannan mai zafi ya biyo.

Yau ga yadda muke:
ruwa na tafasa, ina neman takalmin hagu na Nafi'u,
kunu ya yi kauri, shi yana ɓare ƙwai da haƙori,
kwaɗon zogale a tsakiya, hannu uku a kwano guda,
dabino bibbiyu a aljihu saboda ƙarfe goma.
Ran da muka makara, nonon Gwamma da ayaba sun wadatar.
Fanke kuwa ba mu yi faɗa ba,
ranar Lahadi muke gaisawa.

Saura minti biyar, babur ya yi tari, ya yarda.
Na koma da gudu, na zuba sauran kunun a kofin ƙarfe,
na kife masa faifai, na ɗora ƙwai guda a kai.
A kwanar gidan mai muka yi kiciɓis da Barira,
jaka a kafaɗa, tana tafe kamar mai taka auduga.
Sahura ta ɗaga murya ta fi ƙarar inji:
"Mama, naki yana kan taga!
Yau babu duwatsu!"