Na Goma Sha Ɗaya

Mu goma sha biyu ne a gasar ces ta bana.
Sunayenmu na manne a shagon Iliya mai gyaran agogo,
an rubuta su a bayan tsohuwar kalanda.
Feshin ruwan Agusta ya lashe rabin nawa,
ba wanda ya lura.

A can sama Malam Tanimu, maki takwas da rabi.
Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi a Tudun Wada,
har yau in zai ci sojanka
sai ya ce, "Afuwan."
Rabin maki a ƙasansa, Rahila ta Wusasa,
wadda ke zuwa daga aikin dare da ƙamshin asibiti a hannu,
ta zauna, ta gama da mutum
shayinsa bai huce ba.
Na uku Sagir mai keke,
ya cika bayan rasit da lissafin
in wane ya faɗi, in wance ta yi tuntuɓe.

Ni tela ne. Makina ɗaya da rabi.
Ɗayan na samu ranar da Dantala ya tafi suna Giwa.
Wanda ke ƙasana
tun watan Yuni ya koma Kaduna.

Sai jadawali ya yi abin da ya saba:
wasan ƙarshe, ni da Malam Tanimu.

A makon nan na san ina da suna.
Sagir ya ɗauke ni kyauta daga Kwangila har Samaru,
a kowane cunkoso ya juyo
ya koya mini buɗe wasa da yatsa a kan iska.
Rahila ta aiko ƙaninta da 'yar takarda:
kada ka fito da sarauniya da wuri, kuma ka ci abinci.
Malam ya kawo yadi biyar a ɗinka masa,
bai yi ciniki ba, bai ce uffan ba,
ya dai daɗe yana kallon hannuna a kan almakashi.

Asabar, ruwa na dukan kwano.
Agogo ashirin a bangon Iliya,
kowanne da nasa ra'ayin game da lokaci.
Farin soro guda ya ɓata tun bara,
ƙwarƙwaron zarena ne ke tsaye a gurbinsa.

Na riƙe sarauniya a gida kamar kuɗin haya.
Na ƙidaya numfashi.
A teburin gefe Sagir ya fara magana da kansa.

Wajen motsi na talatin
Malam ya ɗaga dokinsa ya ajiye
daidai layin ƙwarƙwaron.
Ya saki.
Sannan ya matso da fuska, ya gyara tabarau,
na ga yanar da ke hawa idonsa na hagu,
na ga ya gane ba zare ba ne kawai.

Shagon ya yi tsit, ban da agogai.
Wannan mutumin ya koya wa ɗana rabawa.
Yadinsa na kan tebur ɗina, na riga na yanka wuya.
Hannuna ya tsaya a sama
har Iliya ya yi tari.

Na ɗauke dokin.
Na ce, "Afuwan."

Ya yi dariya har sai da ya cire hula.

Kada ku ɗauka na ci.
Da doki guda a aljihu na ɓata hanya,
ya ja ni lungu lungu har bayan magariba,
muka tashi kunnen doki.
Rahila ta riga ta sallami Sagir.
Tara da tara. Za su kara Asabar mai zuwa.

Jiya Sagir ya wuce ni a PZ, ko oda bai yi ba.
Amma na leƙa shagon Iliya:
wani ya bi sunana da sabon biro,
ya rubuta biyu a gabansa,
babba, har ta ɗan hau layin na goma.